Gishirin ganye: darasin da muke bari ya ruɓe a garkar makaranta

Duk malamin da ya taɓa riƙe garkar makaranta ya san abin da ke faruwa a ƙarshen watan Fabrairu. Tun Nuwamba yara ke jidar ruwa safe da marece, suna cire haki, suna korar awaki. Sai ga fangalin farsil da na seleri sun yi kore shar, lawashi ya miƙe, ɗoɗɗoya da na'ana'a sun cika wuri da ƙamshi. Daidai lokacin kuma kowace garka a gari ta kawo nata, kasuwa ta cika, ƙullin ganye ya koma abin da ake yi wa mai saye gyara da shi. Salati da tumatir da kabeji suna samun masu saye. Ganyen ƙamshi kuwa kaɗan ake bukata a tukunya, saboda haka yawancinsa a fangali yake tsufa. Da zafin Maris ya kama, sai ya yi fure ko ya ƙone. A watan Mayu uwar yaron da ya shayar da shi za ta aike shi kanti ya sayo dunƙulen magi, don babu abin da zai ba miya ƙamshi a gidan.

Na yi shekaru ina kallon wannan asara kamar wani abu ne da ba makawa. Wadda ta buɗe mini ido wata dattijuwa ce daga cikin ƙungiyar iyaye mata ta makarantarmu. Ta zo ta tarar muna tuge seleri muna zubarwa a bakin darni, ta tsaya ta dube mu, ta ce, "Malam, ba ku da gishiri ne?" Na ce, "Inna, gishiri kuma na me?" Ta sa aka kawo turmi, ta daka ganyen da gishiri, ta baza a inuwa. Bayan kwana uku ta sake dakawa ta zuba a kwalba. Har muka rufe makaranta a watan Yuni, idan an buɗe kwalbar nan sai ka ce yanzu aka tsinko ganyen.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: haɗa gishirin ganye ya cancanci zama darasi a kowace makarantar da ke da garka, ya kuma zama al'ada a kowane gidan da ke da ko da tukunya biyu ta shuka a bayan ɗaki. Amma da sharaɗi ɗaya, wanda idan aka sake shi gara a bar aikin baki ɗaya: gishirin ganye ya maye gurbin gishiri da magin da ake sawa a tukunya, kada ya zama ƙari a kansu.

Bari in fara da yadda ake yi, don wanda bai taɓa gani ba ya san abin da muke magana a kai. A tsinki ganye da safe bayan raɓa ta ɗauke, kafin rana ta yi zafi. Idan an yi wa garka feshin maganin ƙwari, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin su cika. A zaɓe rawayen ganye da manyan itatuwa a yar, a wanke da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, a baza a kan faifai har ruwan wanki ya tsane sarai. Daga nan a auna: kashi huɗu na ɗanyen ganye, kashi ɗaya na gishiri, da nauyi ba da ido ba. Wato garam 400 na ganye a kan garam 100 na gishiri mai iyod. A yayyanka ganyen, a zuba a turmi da gishirin, a daka har ya haɗe ya zama kore mai danshi. Mai so yana iya ƙara ƴan ƙwayoyin tafarnuwa, ko citta, ko tattasai. Abin da ba a sawa ko kaɗan shi ne mai, domin ɗanyar tafarnuwa ko ɗanyen ganye a cikin mai, a rufe a wuri mai ɗumi, suna iya haifar da guba mai kisa wadda ba ta da wari ba ta da ɗanɗano.

Sai a baza dakakken ganyen siriri a kan tiren roba ko faifai da aka shimfiɗa wa tsabtataccen ƙyalle. A guji tiren ƙarfe, gishiri na cin sa. A ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda. Kada a yanko gidan sauro a rufa, don akwai maganin ƙwari a jikinsa. A riƙa juyawa sau biyu a yini. Cikin busasshiyar iskar hunturu, kwana biyu zuwa huɗu sun isa. Alamar ya bushe ita ce idan ka murza tsakanin yatsu ya wargaje, bai manne ba. A sake dakawa, a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, a rubuta ranar da aka yi, a ajiye nesa da murhu da hasken rana. Yana kai watanni, ko da yake ƙamshin na raguwa sannu a hankali. Babban abokin gabarsa damina ce. Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Cokali mai laima sau ɗaya, ko murfi a buɗe dare ɗaya cikin watan Agusta, ya isa ya dunƙule shi.

To me ya sa wannan aikin ya dace da aji, ba madafa kaɗai ba? Domin ban san wani aiki mai araha da ke ɗauke da darussa da yawa kamarsa ba. A tsarin karatunmu na firamare akwai sa'o'in aikin hannu da muke kira APP. Mu faɗi gaskiya tsakaninmu malamai: a makarantu da yawa sa'o'in nan sun koma shara, ko ɗibar ruwa, ko cike gurbin lissafin da ba a gama ba. A makarantar horon malamai an koya mana cewa yaro ya fi riƙe abin da hannunsa ya taɓa, amma da muka shiga aji mai yara tamanin, alli da allo muka koma wa. Mukan ce babu kayan gwaji. Ga gwaji nan da bai bukatar komai sai turmi, faifai, gishiri da ganyen da muke zubarwa.

Ɗauki darasin kimiyya. Yanka albasa gida biyu, ka sa kowane yanki a faranti, ka barbaɗa wa ɗaya gishiri. Kafin a tashi shan iska, yara za su ga ruwa ya taru ƙarƙashin mai gishirin, ɗayan kuwa yana nan yadda yake. Daga ina ruwan ya fito? Gishiri ne ya janyo shi daga cikin naman albasar. Haka yake yi wa ganye, haka kuma yake yi wa ƙananan ƙwayoyin halitta masu sa abinci ruɓewa: yana tsotse musu ruwa har su kasa hayayyafa. Wannan shi ne abin da ɗaliban kwaleji ke haddacewa da sunan osmoz ba tare da sun taɓa ganinsa ba. Sai ka raba ganye kashi uku: ɗaya a ƙulle cikin leda, ɗaya a shanya a tsakiyar rana, ɗaya a daka da gishiri a baza a inuwa. Kowace safiya yara su duba, su sansana, su rubuta abin da suka gani. Na leda zai yi yauƙi ya yi wari. Na rana zai bushe amma ya koɗe, ƙamshinsa ya yi rauni, domin ƙamshin ganye wani ɗan mai ne da zafi ke korarwa. Na gishiri zai riƙe launinsa da ƙamshinsa fiye da sauran. Ba sai ka ce musu komai ba, su za su faɗa maka.

Ɗauki lissafi kuma. Aro sikeli wurin mai kanti na unguwa. Ɗanyen ganye irin su farsil kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Yaran CM1 da CM2 su auna garam 400 na ganye da garam 100 na gishiri, jimla garam 500. Bayan ya bushe su sake aunawa, za su samu wajen garam 150 zuwa 160. Ina sauran ya tafi? Kashi nawa cikin ɗari aka rasa? A cikin abin da ya rage, kashi nawa ne gishiri? Za su gano kusan kashi biyu cikin uku ne. Idan da an haɗa ganye da gishiri daidai wa daida, garam 100 da garam 100, fa? Za su gano kusan kashi tara cikin goma gishiri ne zalla mai launin kore. Wata yarinya a ajina da ta gama wannan lissafin ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ashe idan ganyen bai yi yawa ba, yaudarar kanmu muke yi." Ban taɓa samun wanda ya taƙaita darasin kaso cikin ɗari kamar haka ba.

Maganar yarinyar nan ta kawo mu ga ƙorafi mafi nauyi da ake yi mini, kuma ba na raina shi. Wani abokin aikina ya ce, "Likitoci na ce mana mu rage gishiri, kai kuma kana koya wa yara sarrafa shi?" Yana da gaskiya a kan likitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce garam 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma na yara bai kai haka ba. Wannan garam 5 ɗin ya haɗa da gishirin da ke cikin burodi, da magi, da yaji, da kilishi, da ƙuli-ƙuli, ba wanda aka barbaɗa a tukunya kaɗai ba. Yawan gishiri na ɗaga hawan jini, hawan jini kuma shi ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da ciwon ƙoda. Babu unguwar da ba ta da wanda wannan ya kwantar.

Amma mu dubi tukunyarmu ta yau da idon gaskiya. Ana sa gishiri, a sa magi biyu ko uku, wani lokaci a ƙara farin magi, sannan a kawo yaji mai gishiri a gefe. Duk wanda ya iya karatu ya ɗauki takardar dunƙulen magi ya duba jerin abin da aka haɗa: gishiri ne a farko, kuma a irin wannan jeri abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Abin da mai girki ke nema a wurin magi ƙamshi ne da ɗanɗano, gishirin kuwa yana biyo baya ba tare da ta lissafa shi ba. Idan ƙamshin ya fito daga ganyen garka, cokali ɗaya na gishirin ganye ya tsaya a madadin gishiri da rabin magin da aka saba sawa, to gishirin da gidan ke ci ya ragu, kuma ba wanda zai ce miya ta yi lami. Idan kuwa aka sa gishiri kamar kullum, aka sa magi kamar kullum, sannan aka kawo na ganye aka ƙara, to mun cuci mutane da hannunmu. Shi ya sa na ce sharaɗi ne. Malamin da zai koyar da daka ganye ba tare da ya koyar da wannan ba, ya koyar da rabin darasi, kuma rabin da ya bari shi ne mai ceton rai. Wanda likita ya riga ya hana wa gishiri, wannan ma gishiri ne, ya nisance shi, ya busar da ganyensa zalla a inuwa.

Akwai batu na biyu na lafiya, shi ne iyod, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke ce wa aidin. Ƙasarmu nesa take da teku, kuma rashin iyod shi ke kawo maƙoƙo. Abin da ya fi shafar mu malamai ma shi ne rashinsa ga mai ciki da ƙaramin yaro na tauye bunƙasar ƙwaƙwalwa. Muna alfahari da gishirin Bilma da Fachi da ayarin raƙuma ke kawowa tun zamanin kakanni, da gishirin Foga, amma gishirin gargajiya galibi ba a ƙara masa iyod. Dole kuma a yi wa magi adalci: da yawa daga cikinsa da gishiri mai iyod ake yin sa, saboda haka gidan da ya rage magi ya koma gishirin da ba shi da iyod, ya toshe wata ɓaraka ya buɗe wata. Don haka a sayi gishirin da aka rubuta yana da iyod. Tun da danshi da zafi da hasken rana na rage iyod, wannan ƙarin dalili ne na shanya a inuwa, da rufe kwalba, da zuba shi a tukunya dab da saukewa, abin da ƙamshin ganyen ma ya fi so.

Wasu iyaye sun ce mini, "Muna da gabu, muna da daudawa, muna da yaji, wannan baƙon abu na me?" Na yarda da su fiye da yadda suke zato. Gabu, wato lawashin da aka daka aka busar, ɗan uwan wannan aikin ne na jini. Mutanen da suka san kauɗa, da busasshiyar kuɓewa, da kuka, da kilishi, ba su bukatar wani ya koya musu cewa abin da ya yi yawa yau ana adana shi don gobe. Sai dai garkarmu ta canza. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, kayan garka suka yawaita a ƙasar nan, daga fadamun Maraɗi da garaken Mirya zuwa Galmi da bakin kogi a Yamai. Farsil da seleri sun shigo tukunyarmu, amma dabarar adana su ba ta biyo su ba, kuma idan aka shanya su a rana kamar kuɓewa ƙamshinsu gudu yake yi. Gishirin ganye tsohuwar hikimarmu ce aka ɗora a kan sabon amfanin gona. Ba ya korar daudawa, tare suke tafiya a tukunya ɗaya. A ƙasashen sanyi ma haka manoma suka yi tun kafin firiji: a yankin Kebek na Kanada har yau ana cusa yankakken ganye da gishiri a kwalba don miyar lokacin ƙanƙara. Su danshi suke barin nasu saboda suna da sanyin da zai riƙe shi. Mu da muke da zafi da busasshiyar iska, busarwa ta fi mana aminci.

An kuma ce mini wannan aikin mata ne, me ya kai ɗa namiji ga turmi. Wanda ya faɗi haka ya je tashar mota ya ga su wa ke haɗa yajin tsire da na kilishi. Yaron da ya iya aunawa, ya iya tsabta, ya iya lissafin abin da ya kashe da abin da ya samu, ya riƙe tushen sana'a, ko mace ce ko namiji. A ajina maza da mata duka suna daka, duka suna riƙe sikeli, duka suna rubutu a allo. Batun kuɗi ma lissafi ne da yara za su iya kai wa gida. A ce gida na sa dunƙule huɗu a yini, kowane dala biyar. Dala ashirin ke nan kullum, jika uku a wata. Idan aka rage rabi, an tsira da kuɗin littattafan rubutu da bik na yaro, daga ganyen da dā awaki za su ci.

Ba na cewa kowace makaranta za ta iya gobe da safe. Akwai makarantun da ba su da rijiya, akwai waɗanda ajinsu na zana ne, akwai inda rashin tsaro ya rufe ƙofa gaba ɗaya. Malamin da ke irin wannan hali ba ya bukatar in ƙara masa kaya. Amma inda garka take, ko inda kasuwa ke cika da ganye mai araha a watan Janairu da Fabrairu, babu uzuri. Abin da nake roƙo ƙanƙane ne. Daraktan makaranta ya ware sa'o'in APP na mako biyu kafin zafi ya kama. Kwamitin kula da makaranta ya sayi kilo ɗaya na gishiri mai iyod, wanda zai ɗauki kilo huɗu na ganye. A gayyato iyaye mata biyu ko uku su jagoranci dakan, domin sun fi mu sanin turmi, kuma ranar da uwa ta tsaya gaban aji tana koyarwa, yaranta na kallon makaranta da wani ido dabam. Idan da hali a gayyato ma'aikacin lafiya na gari ya yi wa yara da iyaye bayanin hawan jini na minti goma. Kowane yaro ya koma gida da ƴar kwalba, a jikinta an rubuta da hannunsa ranar da aka yi, da abin da ke ciki, da jimla ɗaya: a sa wannan a madadin gishiri, ba tare da shi ba.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya kawo muku kwalbar, kada ku ajiye ta a kan kanta ta zama ado. Ku gwada ta a miyar daren nan, ku rage magi ɗaya, ku bar gishirin a mazubinsa, ku ji abin da mutanen gida za su ce. Idan ta yi daɗi ku faɗa wa yaron a gaban kowa cewa aikinsa ne aka ci. Idan kuma kuna da tsohon bokiti da ya fashe, ku cika shi da ƙasa da taki ku ba shi ya shuka ɗoɗɗoya ko na'ana'a a gindin randa, inda ruwa ke ɗiga. Baɗi war haka shi zai nuna muku yadda ake aunawa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a abin da yaranmu ke koyo.